Ɗaurin aure, walima, dina da kai amarya Yauri duk rana ɗaya: ya zan tsara lokacin?

Yayar Amarya:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema don wallahi kaina ya ɗau zafi. Ƙanwata za a aurar ƙarshen Disamban nan, saura sati biyar, mu muna nan Birnin Kebbi unguwar Badariya, angon kuma ɗan Yauri ne, can yake aiki can za ta zauna. Ni ce babba a ɗakinmu, Mama kuma ciwon ƙafa ya matsa mata, to kun ga duk hidimar ɓangaren mata a wuyana take.

Kamu da sa lalle mun sa su Laraba, wuni Alhamis, waɗannan ba su dame ni ba. Ranar Juma'a ce ta tsaya min a rai. Baba ya ce ana sallame Juma'a za a ɗaura, abokan ango sun ce daga masallaci risefshan za su wuce, ƙannen Mama suna son walimar mata bayan la'asar har sun yi wa malamar da za ta yi wa'azi magana, sannan su abokan angon ba su shawarci kowa ba suka je suka kama hol na dina ƙarfe 8 na dare har sun ba da rabin kuɗi. Duk wannan ma da sauƙi. Babbar maganar ita ce Baba ya kafe kan cewa yarinya in an ɗaura mata aure ba ta ƙara kwana a gidansa, haka ya yi wa mu ukun da ke gabanta. To amma mu cikin gari aka kai mu, ni daga Badariya zuwa Gesse ne, ko a keke minti goma. Yauri fa?

Jiya na zauna da biro da takarda tun bayan isha'i ina jera lokuta ina sokewa, ko ta ina na ɓullo sai in ga motar amarya tana barin gari sha ɗaya na dare. Mai buga kati kuma yana jira na, ya ce in ban kawo ba zuwa Litinin in nemi wani don aiki ya yi masa yawa. Waɗanda suka taɓa riƙe biki ya kuke tsara ranar? Ƙarfe nawa zan rubuta wa kowane abu a kati, kuma mai kwalliya ƙarfe nawa ya kamata ta zo?

Ɗan Gwandu:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi sanya alheri. Ni na yi babban abokin ango ya kai sau shida, har abokaina na min ba'a wai in kama shago in kafa allo. Abin da nig gane shi na, ba daga sahe a ka lissahin ranar biki ba, daga marece a ka hwarawa a dawo baya.

Ki duba. Watan Disamba magariba nan Birnin Kebbi wajen 6:20 zuwa 6:30 ta ka yi. Daga nan ki bi Kalgo, ki bi Jega, ki bi Koko kahin ki ga Yauri, mota guda mai lahiya awa ukku ta ka ci, to ina ga jerin motoci biyar ko shida cike da tsohhi, wagga ta ce a tsaya ta kama ruwa, waccan ta ce a tsaya Jega ta sai albasa tunda an zo hanya, ga la'asar da za a tsaya a yi, ki sa awa huɗu kawai ki huta. Ke nan in ana son amarya ta shiga ɗakinta da ido na ganin gari, 2:30 mota ta riga ta tashi. To 2:30 ɗin ga ko gaisawa ba a ƙare ba ƙohwar masallaci. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ke huɗu kika ɗauko. Ko dai a maida ɗaurin arme Asabar goma na sahe a wuce da ita sha biyu, ko a ɗaura Juma'a a kai ta Asabar da sahe, hanya ta ukku babu.

Maganar kati kuma. Lokaci guda ɗai na ba a yi mai ƙarya, na ɗaurin arme, don liman bai jiran kowa. Sauran duk ki rage awa guda, in kina son mutane su zo tara ki rubuta takwas. Abin da ya hi ma, ki ɗaure kowane sha'ani ga salla, "bayan la'asar" ta hi "4:00 na yamma" ƙarhi nesa ba kusa ba, Bahaushe na iya raina agogo amma bai raina kiran salla. Risefshan ɗin maza kar ya dame ki, da kainai shi ka watsewa da an kira la'asar, sharaɗi dai abinci shi riga mutane isa wurin. Bikin wani abokinmu kulolin shinkafa na cikin but ɗin motar wani daga cikinmu, shi kuma yat tahi wani masallaci daban da ka makara da salla, munka zauna ƙarƙashin kanofi awa guda muna ba manyan mutane fiyawata muna murmushi. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Sannan ki samu mutum guda, namiji mai baki wanda ba a jin nauyin a ji haushinai, ki ba shi lambar direbobi da mai hoto da mai abinci da mai hol. Ba ke ba, ke ranar nan ko kallabinki ba ki san inda kika aje ba.

Anti Mai Kwalliya:

Yayar amarya sannu da hidima. Ni sana'ata ke nan bari in faɗa miki ta ɓangarenmu don kullum mu ake zagi wai mun makarar da amarya alhali ba a san me ya faru a ɗaki ba.

Mekup na amarya da ɗaurin kai da sa kaya ba ya kasa awa biyu, in an ce miki minti arba'in ƙarya ne ko kuma za a yi mata irin wanda hoto zai tona. Kuma awa biyun nan in amarya tana zaune ne a gabana, ba wai in zo in tarar tana wanka ba, ko kitso bai ƙarasa ba, ko ƙawaye goma kowacce na cewa anti ɗan shafa min hoda kawai. In ƙawaye na son kwalliya a nemo musu wata daban a wani ɗaki daban. Lalle kuma tunda Laraba ne kin huta, don wanda ake zanawa ranar biki shi ke ɓata farin leshi.

Abu biyu da mutane ba sa lissafawa, kuka da salla. Kar ki yarda a yi kwalliya kafin a kai ta wajen Baba nasiha. Na taɓa gama wa wata amarya tsaf, gashin ido da komai, aka ce kawunta na kira minti biyar, ta dawo fuskar nan kamar an yi ruwa a kan allo, baƙin ido har haɓa, sai da muka wanke muka sake daga farko, dinar da aka ce takwas sha ɗaya saura suka shiga hol. A yi nasihar a gama, ta yi kukanta ya ishe ta, a sa mata tsumma mai sanyi a ido kumburin ya sauka, ta yi magariba ta riƙe alwalarta sannan in fara. In an kira isha'i ina tsayawa ta yi sallarta, shi ya sa goshi nake bari ƙarshe. Kuma dan Allah a ba ta abinci! Amare da yawa tun kunun safe ba sa ƙara sa komai a ciki, sai a tsakiyar fili jiri ya kwashe su a ce aljanu ne.

Ƙarshen Disamba kuma ki sani kowace mai kwalliya tana da amare biyu ko uku a rana, ki tambaye ta gaskiya ke ce ta nawa, ki ba da kuɗin kama lokaci tun yanzu. Kuma a tanadi janareto ko fitila mai caji, kar a dogara da NEPA.

Kawu na Argungu:

Assalamu alaikum. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kike ɗauke wa mahaifiyarki nauyi. Ni dattijo ne, na karɓi aure na ba da aure ba adadi, zan yi magana a kan abin da na sani.

Shi ɗaurin aure kansa bai kai minti goma sha biyar ba. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a ce lakadan ne ko ajalan, shaidu su shaida, a yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya, an gama. Abin da ke jawo tsaiko shi ne abin da ba a warware a gida ba sai an zo gaban liman. Wa zai yi walicci, baban ne da kansa ko ƙanensa zai wakilta kamar yadda aka saba? A tsayar tun daren Alhamis, a faɗa wa mutumin baki da baki. Sadaki nawa ne, a hannun wa yake? A mazhabar Malikiyya da muke bi mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma yana hawa da sauka da farashin zinari, to a tambayi malamai tun da wuri in ana son daidaita shi. Kuma a zo da shi a hannu. Na ga inda wakilin ango ya ce zai yi tiransifa a cikin masallaci, sabis ya ɗauke, sahu guda na dattawa suka zuba wa waya ido ana jiran alat. Wasu limaman kuma yanzu ba sa ɗaurawa sai sun ga takardar gwajin asibiti, a je a ji tsarin naku limamin tun kafin ranar. Goro da alawa da dabino su kwana a hannun wanda zai kai su.

Sannan a rubuta sunan masallacin da kwatancensa da lokacin da su suke tayar da salla, ba "bayan Juma'a" kawai ba. Wani masallacin ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna an sallame, wani sai biyu ta wuce. Ni kaina na taɓa tasowa daga Argungu na tsaya na yi Juma'a a hanya, ina isowa na tarar ana naɗe tabarmi, auren ɗan aminina. Kuma ranar Juma'a a irin wannan wata ba ku kaɗai ba ne, kina iya samun aure biyar shida a layi, a sa wani ya gaya wa na'ibi tun da safe don a san na nawa ne ku.

Ita dina ba zan ɓoye miki ba, ni da za a bar ta da na fi murna. Walima ita ce sunna, Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce, kuma a kan ango take. Amma na san yaran yanzu. Abin da ba zan goyi baya ba ko kusa shi ne a ɗauki 'yar mutane a hau titi da ita da tsakar dare don a cika wata al'ada.

Ɗan Gwandu:

Kawu a gahwarce ni, dinar nan an riga an ba da kuɗi, kuma mai hol bai maida kuɗi ko sama da ƙasa za ta haɗe. A dai sa mata iyaka, a shiga tara a hito sha ɗaya saura, a ce ma emsi ya rage surutu, a hana dije ja da liƙi har sai aljihun kowa ya ƙare.

Maman Biyu, Gusau:

Hmm yayar amarya, ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa da na zo wajen sha ɗaya na dare. Mu nan Zamfara an daɗe da daina wannan, ko Kaura Namoda ko Tsafe za a kai amarya da rana tsaka ake tafiya, masu rakiya su juyo kafin la'asar ta yi sanyi, in ba su samu juyowa ba su kwana can ba wanda zai ce don me. Ba sai na yi dogon bayani ba kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, kuma ko ba maganar tsaro ga ramuka ga manyan motoci ga direban da tun asuba yake zirga-zirgar biki bai runtsa ba.

Amma kar ki je ki ce wa Baba ya janye maganarsa, dattijo in ya furta abu a gaban 'ya'yansa ba ya son a ga ya lashe. Ki nemo masa hanyar da maganarsa za ta tabbata. Shi cewa ya yi ba za ta kwana a gidansa ba ko? To ai bai ce sai ta kwana Yauri ba. Angon ba shi da dangi a Birnin Kebbi, gwaggo ko yayar uwa ko matar kawu? Ai da wuya a rasa. Bayan walima wajen biyar da rabi a kai ta ta yi sallama da Baba da Mama, iyaye mata biyu uku su raka ta gidan dangin mijin a danƙa ta a hannunsu kafin magariba, shi ke nan ta bar gidanku ta shiga hannun masu ita. A can za a yi mata kwalliya, daga can za a wuce dinar a dawo da ita can ta kwana da ƙawa ɗaya da wata tsohuwa taku, Asabar ana karyawa bakwai da rabi ko takwas a kama hanya, kafin azahar kuna Yauri, a yi buɗar kai a ci abinci, masu dawowa su juyo ƙarfe biyu. Sayen baki abokan ango su yi abinsu daren Asabar. Haka muka yi wa 'yar yayata da aka kai Sakkwato kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Kuma ba ke za ki kai wa Baba maganar ba, ki samu wadda yake jin nauyi, yayarsa in tana raye, ita za ta faɗa masa kamar ma ita ta yi tunanin.

Jere fa? Ban ji kin ambata ba. 'Yan jere su tafi tun Talata ko Laraba da kafinta su gama su dawo, kar a haɗa kayan ɗaki da motar amarya. Gara ma in ba dole ba a bar ta ta bi baya. Motocin rakiya a ƙayyade tun yanzu a rubuta sunan wa zai shiga wacce, in ba haka ba da safe za ki ga mata arba'in da jakunkuna da goyo a ƙofar gida kowacce ta ce ai ita uwa ce, a sha mai tun daren Juma'a, kar a tashi da safe a ce bari a biya gidan mai.

Wani abu kuma, ki rubuta tsarin nan a takarda ki yi kwafi kamar biyar ki raba, kar ki bar shi a guruf ɗin WhatsApp kawai. A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara muna tsakiyar bikin ƙanwar maigidana, ba kira ba saƙo, yara muka riƙa aikawa a kan mashin, abin da ya cece mu wata 'yar takarda ce da surukata ta sa aka rubuta aka manna a bayan ƙofar kicin, mai waina ƙarfe kaza, mai zoɓo ƙarfe kaza, motoci ƙarfe kaza. Tun daga ranar ko suna zan yi sai na manna takarda.

Masu girkin walima kuma su ɗora tukunya tun bayan asuba, naman a soya shi daren Alhamis. Malamar ku ce mata minti arba'in, don in ta samu makirfo da mata a zaune sai magariba.

Yayar Amarya:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Kawu na gode Allah ya ƙara girma. Maman Biyu wallahi kamar kin shiga raina, ashe yayar baban angon tana nan Rafin Atiku ni ban ma kawo ta a lissafi ba. Daren jiya na je wajen Gwaggo, yayar Baba, na zayyana mata komai, yau da hantsi ta sa aka kawo ta gidan ta shiga wajensa suka rufe ƙofa. Da ta fito cewa kawai ta yi an gama, amma ya ce da sharaɗi, kafin a kira magariba yarinya ta bar masa gida, kuma shi ba ya son jin kalmar dina a kunnensa, a yi abin da za a yi kar a gaya masa.

Yanzu abin da na kai wa mai kati, ɗaurin aure 2:00 da sunan masallaci da kwatance, na je na tambayi ladan da kaina, walima bayan la'asar, dina na rubuta 8:00 kamar yadda Ɗan Gwandu ya ce duk da na san tara za a shiga, kai amarya Asabar 7:30 na safe. Riƙon waya na ba wa ƙanin mijina, wannan ko sarki ne ya makara sai ya faɗa masa. Anti Mai Kwalliya, na kira mai kwalliyarmu ta ce mu ne na biyu a ranar, ta farkon a Kalgo take kuma ta rantse za ta iso shida da rabi, ni dai hankalina bai kwanta ba, kina ganin in nemi wata in ajiye ko in ƙara mata kuɗi ta saki waccan? Sannan tela har yau bai yanka ankon iyaye ba.